Wai karta zunubi ce? To ku nuna mini ayar

Tun ranar Lahadi abin nan yake cina, na ce zan kame bakina amma na kasa. Duk kun ga hoton yaron nan mai buga mana kibod a coci da aka ɗauka yana buga karta, kun kuma ji hukuncin da dattawan coci suka yanke masa. Wata uku a bencin baya, an raba shi da kibod, an hana shi jibin Ubangiji, saboda me? Saboda an gan shi riƙe da karta shi da ƙannensa biyu. Ku koma ku buɗe hoton da kyau, ko sisi babu a kan teburin nan, abin da ke wurin takarda ce da biro suna rubuta maki, ƙaramar ma dariya take har ta rufe fuska da kartarta. Wannan ne wai babban abin kunyar da ya tashi taron dattawa na gaggawa. Sannunku da aiki, an kama Shaiɗan da hannu dumu-dumu.

Tambayata ɗaya ce kuma tun jiya nake yinta babu wanda ya amsa: ina ayar? Littattafai 66 ne a hannunmu, daga Farawa har Wahayin Yahaya, a nuna mini wuri ɗaya da aka ce kada ka buga karta. Ba za a samu ba, don lokacin da aka gama rubuta Sabon Alkawari babu ma karta a duniya. A ƙasar Sin ta fara, ɗaruruwan shekaru bayan manzanni sun mutu, ta biyo ta Masar, ba ta shiga Turai ba sai wajen 1370. Bulus bai taɓa ganinta da idonsa ba. To dokar nan da kuke cewa ta Allah ce, wa ya sa mata hannu?

Wani ya rubuto mini wai ai sojoji sun yi caca a kan rigar Yesu a gindin gicciye. Haba ɗan'uwa. Kuri'a suka jefa, je ka duba Yahaya 19:24. In jefa kuri'ar ne zunubin to sai mu sa manzanni goma sha ɗaya a bencin baya su ma, don da kuri'a suka zaɓi Matiyas ya maye gurbin Yahuza, Ayyukan Manzanni 1:26, kuma sai da suka yi addu'a tukuna. Laifin sojojin nan shi ne mutum yana mutuwa a saman kansu su kuma rigarsa ce ta dame su. Ban ga karta a nan ba. Ina ayar?

Wata kuma ta ce wai ban san asirin da ke ciki ba, sarki shi ne Iblis, sarauniya zagin Maryamu ce, joka kuma ba'a ce ga Almasihu. Na sha jin wannan tun ina ƙarami, ana faɗa ana rage murya kamar wani babban sirri. Labarin ƙanzon kurege ne kawai. Masu zanen sun zana sarki da sarauniya ne don a zamaninsu su ke mulki, shi kenan. Joka ma ɗan baya-bayan nan ne, a Amurka aka ƙara shi a ƙarni na 19 saboda wani wasa. Ita kanta kartar tarot da 'yan duba ke amfani da ita, a Italiya an yi shekaru fiye da 300 ana wasa da ita kurum kafin wasu su mai da ita kayan duba. In don ana duba da abu ne za mu guje shi, ana duba da tafin hannu, a yanke hannun?

Na san daga inda tsoron ya fito, ba yau aka fara ba. A 1423 wani mai wa'azi, Banadino na Siyena, ya yi wa'azi a birnin Bolonya na Italiya har mutane suka tara kartocinsu aka cinna musu wuta. Amma abin da yake yaƙa da shi magidanta ne da ke cinye dukiyar gidansu a caca. Mu sai muka gaji ƙona takardar muka manta dalilin. Abin dariyar ma, a Amurka a 1906 kamfanin Parker Brothers ya fitar da wata karta mai suna Rook, babu sarki babu sarauniya, lambobi ne da launuka kawai, sai ga gidajen da suka haramta karta suna bugawa hankali kwance. Rabawa iri ɗaya, ci iri ɗaya, musu iri ɗaya. An cire hoto zunubi ya gudu kenan? To madalla.

Bari in ajiye wasa. Caca na san ta, ba labari aka ba ni ba. Ina da ɗan'uwa na jini da ta gama da shi, albashi ya shigo da safe kafin dare babu, ya sayar da keken ɗinkin matarsa, ranar da na je gidan yaransa na zaune an koro su daga makaranta shi kuma yana ɗaki ya ƙura wa waya ido yana jiran ƙwallo ɗaya ta shiga a minti na 90. Har yau in na tuna fuskar matar nan sai zuciyata ta yi nauyi. Mutumin nan bai iya karta ba, bai taɓa riƙe ta ba. Kuma duk tsawon lokacin nan yana cikin masu karɓar baiko, babu dattijon da ya kira shi ya zaunar da shi, don cacar waya ba ta fitowa a hoto. Son kuɗi shi ne tushen kowace irin mugunta, 1 Timoti 6:10, wannan ayar akwai ta, na yarda da ita ɗari bisa ɗari. In ka sa kuɗi a karta kana kwaɗayin na aljihun ɗan'uwanka, in ta hana ka aiki ko ta hana ka sujada ko ta mai da kai bawanta, to ka shiga 1 Korintiyawa 6:12, kuma ni zan fara gaya maka. Ko Katolika a katekisim ɗinsu, wato littafin koyarwarsu, sakin layi na 2413, abin da suka ce kenan, wasan karta shi kansa ba laifi ba ne sai ya kai ga hana mutum abin biyan bukatarsa da ta iyalinsa. Amma yara uku da biro da takarda fa? Ina ayar?

Sai a ce to ai kada ka sa rarrauna tuntuɓe. Na ji. Wane rarraunan? Wanda ya laɓe ta taga ya ɗauki hoto ya tura wa gurup mai mutum kusan ɗari biyu? Wannan ba rarrauna ba ne, ƙarfinsa ma ya yi yawa. Romawa 14 ɗin da kuke jawowa, a cikinta aka ce wane ne kai da za ka hukunta baran wani. In lamirinka bai ba ka ba kada ka buga, ba wanda zai tsare ka, ina girmama hakan, mahaifiyata har ta rasu ba ta taɓa karta ba kuma ba ta taɓa ce wa kowa zai shiga wuta dominta ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ɗauki abin da ranka bai so ka liƙa masa sunan Allah. Kada ka kama, kada ka ɗanɗana, kada ka taɓa, Bulus ya kira irin waɗannan dokokin mutane a Kolosiyawa 2, ni ban ƙara komai ba.

Kuma Matiyu 18:15 fa, wadda ta ce ka je ka same shi ku biyu kaɗai tukuna? Ita akwai ta baƙi a kan fari, ita aka taka, wadda babu kuma ita aka yi hukunci da ita. Mai ɗaukar hoton yana nan a bencin gaba abinsa. Ana tace sauro ana haɗiye raƙumi.

Af, kuma tunda an hana shi kibod ɗin, don Allah a nemo wanda ya iya kafin Lahadi mai zuwa. Waccan waƙar buɗe sujada da aka ɗauko ta can sama, mata na ƙoƙari maza sun yi shiru tun baiti na biyu, ni dai baki kawai nake motsawa.