Kada a sayar da Fijo 504 a kan kilo

A nan Faransa inda nake zaune, mota in ta cika shekara 30 mai ita yana iya canza mata kat giris, wato takardar rajistar mota, zuwa na motar tarihi, daga nan kuma kuɗinta kan fara hawa maimakon sauka. Tun 1976 ake baje irinsu a bikin Rétromobile na Paris, a Sochaux ma kamfanin Peugeot yana da gidan tarihi na motocinsa. Cikin waɗanda mutane ke biyan kuɗi su kalla har da 404 da 504, su ɗin nan da suka yi ta jigilarmu daga tashar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. A gida kuwa, ranar da injin ya ƙi tashi, sai a kira ƴan gwangwan su zo da sikeli. Wannan abu yana ci mini rai.

An fito da 504 a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969. Faransa ta daina ƙera salon ɗinta, wato mai ƙofa huɗu da but, a 1983, amma masana'antar Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta ci gaba da haɗa ta har bayan 2000. Shi ya sa take da yawa a wajenmu. Muna kuma da abin da Turawa ba su da shi: su gishiri suke watsawa a hanya lokacin ƙanƙara, tsatsa ta cinye ƙasan mota. Mu rana ce ke ƙona fenti da kujeru, ƙarfen yana nan lafiya, kuma ƙarfen ne mai wuyar gyara.

Ba kowace tsohuwa ce za ta yi kuɗi ba. Masu tara motoci suna duba lambar inji ko ta dace da ta takarda, suna son sitiyari da fitilu da kujeru na asali. Tamu da ta yi shekaru tana taksi an sa mata injin wata, an yi mata walda ko'ina. Ban ga laifin makanikanmu ba, da wannan dabara suka ciyar da gidaje. Amma akwai waɗanda Alhazai suka saya sabbi, suka ɗan hau, aka ajiye su a kangon gida bayan rasuwarsu. Su nake nufi, da 404 mai tampol, da Marsandi W123, da Land Cruiser 40 da 60, waɗanda ake nema sosai a Turai da Amurka.

Magada, don Allah ku shigar da ita ƙarƙashin rumfa, ku ɗora ta a kan bulo, ku adana kat giris ɗin tare da takardun gida. In dillali ya zo da ɗokin saye, ku fara tambayar kuɗin irinta a waje. Ni dai na fi son ko ƴan kaɗan su zauna a Maraɗi, a gyara su, a riƙa fito da su ranar hawan salla.