Ranar da Na Kai Kiɗana Titin Gidan Zoo

Tun da abokina Ɗanlami ya riga ya baza labarin kunyar da na sha a situdiyo a majalisa, har da gishirin da ya ƙara, gara ku ji daga bakin mai shi.

Kun san kaset ɗin bikin Gwaggo na 1994, wanda Umma take ɓoyewa a ƙasan akwati kamar takardar gida. Kiɗan ƙwarya ne, zabiya da 'yan amshinta, guɗa sai tashi take. Na lallaɓa na zare shi, na sa a tsohuwar rediyon Baba, na kara waya a bakin sifika na naɗe. Na ari kwamfutar Yaya, na sauke FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, na kwana uku ina leƙen yadda 'yan Afirka ta Kudu suke haɗa amapiyano, sannan na shimfiɗa wa matan wannan gangar mai gurnani a ƙarƙashi, na saita gudun kiɗan a bugu 112 a minti. Na saurara da abin kunnen da na saya a bakin titi, tsigar jikina ta tashi. Nan take na raɗa wa kaina suna DJ Guguwa.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne FL Studio ɗin na gwaji ne. Shi na gwaji zai bar ka ka yi aiki, ka adana, har ka fitar da waƙa, amma in ka rufe ba zai sake buɗe maka aikin ba sai ka biya. Don haka kwana uku kwamfutar nan ba ta runtsa ba. Da an ɗauke wuta sai in tallafo ta a buɗe kamar faranti in ruga shagon mai caji. A dare na huɗu na fitar da MP3 batir na kashi 4, ina gamawa ta mutu.

Ɗanlami ya ce ya san Oga, wani mai situdiyon haɗa waƙa, kuma Oga yana son yara masu basira. Muka hau adaidaita sahu sai Titin Gidan Zoo, bene hawa na biyu. Ɗaki ne ɗan ƙarami, an manne bangonsa da soso, ga fiyano Yamaha, ga manyan sifiku biyu sun sa kwamfuta a tsakiya. Akwai wani mawaƙi da ya biya kuɗin awa yana riƙe da littafinsa, da 'yan mata biyu masu amshi, da kuma mutumin nan. Zan dawo kansa.

Na yi sallama, amma ban tsaya an amsa ba. Zumuɗi ya ɗebe ni, na wuce kai tsaye na miƙa wa Oga filas, alhali Ogan yana tsakiyar aikin wani. Ya dubi filas ɗin, ya dube ni, ya cire abin kunnensa a hankali, ya ce, "Malam, mun kwana lafiya?" Sai a lokacin na durƙusa na fara gaisuwa daga farko. Ya nuna min benci. Awa ɗaya da rabi ina zaune a kai.

Da ya gama ya ce, "To ɗan samari, me kake so in saurara maka? Ganga ce, ko murya, ko tsarin?" Na ce, "Duka, ranka ya daɗe. Kuma don Allah kada a ji kunyata, a faɗa min gaskiya komai ɗacinta." Allah Ya sani, yabo na je karɓa. Har na tanadi yadda zan sunkuyar da kai in ce ai baiwa ce daga Allah.

Ya sa filas, ya karanta sunan fayil ɗin da ƙarfi: "GUGUWA NA ƘARSHE NA GASKE WALLAHI 4." Ya duba tsawonsa, minti 7 da daƙiƙa 40. Ya ce, "Waƙa ce ko tafsiri?" Ya danna.

Gangar farko da ta sauka, kofin shayin da ke kan tebur ya fara tafiya da kansa. Ma'aunin ƙara ya haura ja ya zauna a can bai sauko ba. Ashe abin kunnena ba ya fitar da ƙasan kiɗa, ni kuwa da ban ji ba sai in ƙara, in sake ƙarawa. Oga ya yi wuf ya rage murya yana cewa sifikun nan bai gama biyan kuɗinsu ba. Wannan mai sauƙi ne. Wajen minti ɗaya sai matan suka fara rabuwa da gangata, kamar miji da mata da suka yi faɗa a hanyar biki, ita tana gaba tana sauri, shi yana baya yana jan ƙafa. Oga ya tsayar. Ya ce, "Ka ji? Matan nan ba da agogo suke kiɗa ba. Da an fara liƙi hannu sai ya ƙara sauri. Kai kuma ka ɗaure taka gangar a 112 kamar akuyar layya. Sai ka yanka kiɗansu gunduwa-gunduwa, ka ja kowanne ya zauna a kan layi, ko kuma kai ka bi su."

Mutum mai hankali cewa zai yi na gode. Ni sai na ji bakina yana cewa, "Ai salo ne, Oga. Da gangan na yi."

Ɗakin ya yi tsit. Ɗanlami ya fara duban silin. Oga ya ce, "Da gangan?" Na ce e. Ya ce, "To madalla, bari mu ji sauran salon." Ya sake dannawa, ya harɗe hannu.

Yanzu ga abin da ya faru a minti 2 da daƙiƙa 13. Kun san yadda masu haɗa kiɗa suke sa tambarin muryarsu. Ni ma na yi nawa, kuma shi ne abu na ƙarshe da na saka kafin batir ya mutu. Na ji an ce bargo yana kashe amon ɗaki, don haka na shige cikin bargo da waya a watan Afrilu, a Kano, na naɗa. Na ɗora masa amsa-kuwwa, na kaurara muryar. Sau uku na saurare shi, kuma duk sanda na ji sunana sai daɗi ya kama ni in mayar baya in sake ji. Ban taɓa barinsa ya kai ƙarshe ba.

Kiɗa ya ɗauke. Wata murya kamar ta aljani a rijiya ta ce, "DJ Guguwa… guwa… guwa… a kan kiɗa." Na ɗan gyara zama, na saci kallon 'yan matan. Sai ƙarar buɗe ƙofa, ƙiiii, ita ma da amsa-kuwwarta. Cikina ya ba da ƙulululu, don na gane ƙofar. Sai muryar Umma, tar, ta cika sifiku biyu:

"Auta! Kai da wa kake magana a cikin bargo da zafin nan… nan… nan…"

Sai wata 'yar siririyar murya, tawa ta ainihi: "Umma aiki nake yi… yi…"

"Aikin gidanku. Tashi ka kai niƙa… ƙa… ƙa… ƙa…"

Ganga ta dawo, dum.

Ɗaya daga cikin 'yan matan ta cusa mayafi a baki. Mawaƙin ya rufe fuska da littafinsa, kafaɗunsa suna rawa. Ɗanlami, wanda muka yi makarantar allo tare, ya zame daga benci ya zauna a ƙasa. Oga dai ya daure, ya cije leɓe, da alama zai rufa min asiri. Sai mutumin nan ya tofar da ɓawon rake a leda, ya ce, "Au, ashe wannan ne Auta-tun ɗin da ake faɗa." Wato Auto-Tune yake nufi, manhajar nan da ake gyara muryar mawaƙa da ita. Shi ke nan Oga ya kifa kai a kan fiyano, har sai da ta yi ƙara.

Mutumin nan fa ba mawaƙi ba ne, ba makaɗi ba ne. Mai gyaran janareta ne. Tun ƙarfe goma na safe ya gama abin da ya kawo shi, ya samu fanka ya baje, da baƙin mai a hannu, yana shan rake a ɗakin da aka rubuta ba a cin abinci. Ba wanda ya tambaye shi. Amma shi ne ya ce a mayar baya, aka mayar. Ya ce a sake, aka sake. Sau biyar na ji an aike ni niƙa. Sannan ya gyara murya kamar alƙalin gasa, ya ce shi a ganinsa a cire DJ ɗin a bar Hajiya, don ita ce muryarta ta hau kiɗa. Abin da ya fi ƙona min rai, Oga ya ƙirga da yatsa, ya ce wallahi gaskiya ne, "tashi ka kai niƙa" ta faɗa daidai kan bugu huɗu, kuma a duk minti 7 da 40 ɗin nan ita kaɗai ce a kan layi. Kuma in kun lura, har yau janaretan wurin tari yake yi. Na wuce shekaranjiya na ji shi. Mutum bai iya aikinsa ba amma ya iya na wasu.

Da Oga ya share hawaye ya ce kunnena ba laifi, tunanin haɗa ƙwarya da wannan ganga mai kyau ne, in buɗe aikin mu gyara tare. Nan na yi bayanin na gwaji. Ya tambaya ko zabiyar tana raye, kuma ko na nemi izininta ko na iyalanta kafin in taɓa mata waƙa. Ban ma san sunanta ba. Ya ce in zan dawo in kawo daƙiƙa 30 kawai, in faɗi inda ya dame ni, in fara saurara a sifika uku daban-daban har da na adaidaita sahu, kuma in an yi min gyara in bar bakina a rufe.

Muna saukowa na ga Ɗanlami da mai janareta sun haɗa kan wayoyi, wai lamba suke musaya. Yanzu in aka kira mutumin, muryar Umma ce take tashi. Ita kuma ta gano babu kaset a akwati, wannan wani labarin ne. Ɗanlami, filas ɗina yana wurinka, kuma kuɗin adaidaita na dawowa ni na biya.