Shinkafa Mai Tauraro Biyar

(Kantin Kwari, cikin zafin watan Afrilu, an idar da La'asar. Alhaji na zaune kan dilar atamfa yana fifita da kwali, yaronsa Ɗan Boko na ta latsa waya. Maƙwabcinsu Bazazzagi, tsohon duba-gari, ya leƙo.)

ALHAJI: Kai Ɗan Boko, wai shinkafar nan daga Makka za a kawo ta? Tun kafin Azahar fa na tura kuɗi.

ƊAN BOKO: Ka yi haƙuri Alhaji, ɗan aiken ya ce yana Ƙofar Mata.

ALHAJI: Ɗazu ma a Ƙofar Mata ya ce yake. Ko aure aka ɗaura masa a can?

BAZAZZAGI: Salamu alaikum. Iye, Kanawa an waye, har abinci a waya ake saye? Wa ta dafa?

ALHAJI: Wata Hajiya ce.

BAZAZZAGI: Ka san gidanta?

ALHAJI: Na san hoton shinkafarta. Nuna masa, ya ga abin da babu a Zariya.

ƊAN BOKO: Duba nan Baba. Tauraro biyar gare ta cif.

BAZAZZAGI: Ni a kafaɗar ɗan sanda na san tauraro. Wa ya liƙa mata?

ƊAN BOKO: Waɗanda suka ci mana.

BAZAZZAGI: Waɗanda suka ci suka tashi dai. Wanda ke kwance ana masa ƙarin ruwa, da wane hannu zai danna?

ALHAJI: Kai dai baƙin ciki ne da kai. Matar nan kullum da asuba sai ta sa addu'a a WhatsApp. Mai tsoron Allah ce.

BAZAZZAGI: Allah ya ƙara mata imani. Sai dai ƙuda ba shi da WhatsApp.

ALHAJI: Har lambar NAFDAC na gani da idona!

ƊAN BOKO: Alhaji, ta jikin robar ruwan da ke gefen hoton ce.

ALHAJI: To ai tare suke zuwa.

BAZAZZAGI: Mu zamanin da muke aiki, sai mun shiga har madafi. Mu buɗe randa, mu duba faratan mai tuwo, mu bi kwata mu ga inda ta nufa. Mai tuwon bakin kasuwa ko ba komai kana ganin tukunyarta na tururi, kana ganin ruwan wanke-wankenta.

(Ɗan Aike ya shigo sharkaf da gumi, riƙe da leda.)

ƊAN AIKE: Salamu alaikum. Wa ya yi odar shinkafa da kaza da salak?

ALHAJI: Yawwa! Zo ka gani, tsohon duba-gari. An naɗe ta da salatif zagaye uku, ko iska ba ta shiga ba.

BAZAZZAGI: Samari, ƙarfe nawa ka ɗauko?

ƊAN AIKE: 12:30, Baba. Na kai wa wani Hotoro, na kai wa wata Kabuga, sai taya ta yi faci. Da na gama da mai faci kuma na tsaya salla.

BAZAZZAGI: Abincin fa, yana ina duk wannan yawon?

ƊAN AIKE: A akwatin bayan babur. Akwatin nan kamar tanderun gurasa yake, shi ya sa bai huce ba.

ALHAJI: Ka ji ko? Da ɗuminta!

BAZAZZAGI: Ɗumin nan shi ne ciwon, Alhaji. Dafaffen abinci in ya sauka daga wuta, ba a sa shi a sanyi ba, awa 2 aka ba shi. A rana irin ta yau, awa 1. Wannan ta haura 3, ga kirim a kan salak. Shinkafa kuwa in ta juya, ko an ɗumama ta ba lallai ta ƙyale cikinka ba.

ALHAJI: (ya buɗe ya shaƙa) Ƙanshi lafiya lau.

BAZAZZAGI: To bismilla, tunda hancinka ya yi karatun likita.

ALHAJI: (ya ɗauki cokali, ya ajiye) Ɗan Boko, zo ka ci loma uku. In ka kai Magariba lafiya sai in biyo baya.

ƊAN BOKO: Azumin Alhamis nake, Alhaji.

ALHAJI: Yau Talata. Kuma ɗazu na gan ka da ruwan leda. To kai maƙwabci, baƙonka annabinka, matso.

BAZAZZAGI: Rabona da ganin kyauta a hannun Bakano na manta. Yau da ta zo kuma da sharri ta zo. A ci lafiya.

ƊAN AIKE: Alhaji don Allah a danna mini tauraro biyar kafin in wuce.

ALHAJI: Danna masa, yaro ne mai ladabi, har da sallamarsa. Ita ma Hajiyar danna mata.

ƊAN BOKO: Ba ka ko ɗanɗana ba fa, Alhaji.

ALHAJI: Salatif zagaye uku wasa ne? Danna. In ka gama ka je ka sayo mini gurasa, ka tsaya a gabanka a barbaɗa ƙuli.

ƊAN BOKO: Shinkafar fa?

ALHAJI: Ɗauki hotonta ka watsa, kada Zage-zagi su ce na ji tsoro.