Wa ke jan ragamar kiɗan, mabushi ko kwamfuta?

Tun da na tare a jihar Luwiziyana ta Amurka nake bin mabusa duk inda suka yi. Asabar ɗin da ta wuce na shiga zauren kiɗa na wata jami'a, ɗalibai sun cika dandamali da sarewa da saksafon da ƙahonin tagulla, a gefe kuma wata yarinya zaune gaban kwamfuta. Abin da suka shirya shi ne haɗa salon kiɗan baƙaƙen fata na coci da na titin birnin Niyu Olins da sautin na'ura. Na fito raina biyu.

Kashi na farko bai shige ni ba. Jagoran mabusan, mai sanda a hannu, yana da ɗan abu a kunne da ke ƙirga masa bugu, ƙyas ƙyas ƙyas, don kada su saɓa da sautin da aka riga aka naɗa. Komai ya fita tsaf, babu kuskure ko ɗaya, amma kiɗan ba ya numfashi. Wata dattijuwa a bayana ta ɗaga murya ta yi wa mai saksafon kirari lokacin da ya kai ƙololuwa. Na ga ya so ya ƙara ja, ya mayar mata da martani, sai ya haɗiye. Na'ura ba ta jira.

Nan take na tuno mai algaita ran hawan sallah: kumatu a kumbure, yana shaƙar iska ta hanci yana fitarwa ta baki ba tare da sautin ya yanke ba, idonsa kuma a kan dokin sarki. Doki ya tsaya, ya maimaita take. Jama'a suka yi ihu, ya ƙara wuta. Mu kan ce in kiɗa ya sauya rawa ma ta sauya, amma wanda ya tsaya kusa da makaɗa ya san sau da yawa rawar ce ke juya kiɗan.

Wannan ɗabi'ar ce bayi suka tsallaka teku da ita. A 1817 hukumar Niyu Olins ta taƙaita taruwarsu ta ranar Lahadi a fili guda, Dandalin Kwango, suka ci gaba da kiɗa da amshi a can. Har yau in 'yan badujalar unguwa suka raka gawa, da taken jimami suke tafiya a hankali, a dawowa kuma su ɓarke da na rawa, kuma masu bin su a baya da lema da hankici su ne ke nuna musu saurin da za su yi.

Kada a ce ina ƙyamar na'ura. Gangar lantarki ta Roland TR-808 da ta fito a 1980, ai yaran baƙaƙen fata ne suka ɗauke ta suka gina mata suna, kuma tuni mabusan jami'o'insu suka koyi kwaikwayon dirin ta da manyan ƙahoni. Ƙorafina a kan wa ke gaba ne kawai.

Kashi na biyu shi ya wanke musu laifi. Jagora ya cire abin kunnen ya ajiye. Mai babban ƙaho ya busa wata 'yar gajeriyar jimla, yarinyar nan ta cafke ta da makirufo, ta mayar masa da ita ta lasifika, ta ɗan karkace. Ya amsa, ta sake amsawa, kamar zabiya da 'yan amshinta. Yatsanta na kan maɓalli, idonta na kan ƙirjinsa, tana jiran ya ja numfashi. Da dattijuwar nan ta sake yin magana, sai ya juyo ya busa mata kai tsaye, yarinyar ta kama har da muryar tsohuwar ta zuba cikin kiɗan, zauren kuwa ya kaure da tafi.