Sadakar Gaɓoɓi 360

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Makon jiya na je gaida wani kawuna da ya faɗi a babur ya karye a cinya. Dattijo ne da da wuya ka rasa shi a sahun farko. Na tarar da shi a kwance, ƙafa a ɗaure, yana sallah da nuni. Da ya sallame na yi masa sannu, sai ya ce, "Ɗana, zafin nan ba shi ya dame ni ba. Goshina ne ke kewar ƙasa." Wallahi har na dawo gida maganar nan ba ta bar ni ba.

Ƙashin cinya fa shi ne mafi tsawo kuma mafi ƙarfi a jikin ɗan Adam. Amma ga shi faɗuwa ɗaya ta raba kawu da sujada har na watanni.

Likitoci sun ƙirga ƙasusuwan baligi sun samu 206. Jariri ma ya fi haka yawa, wasu ne ke haɗewa yayin da yake girma, shi ya sa iyayenmu mata ke kaffa-kaffa da maɗigar jinjiri, don ƙoƙon kan bai gama rufewa ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda aka tara su. Kowane hannu, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, yana da 27, kowace ƙafa 26. Ka haɗa ka ga: 106, fiye da rabi ke nan, duk a wurin da muke kamawa da wurin da muke takawa. To me muke kamawa da su, ina kuma muke takawa? Haƙarƙari 24 suna tsaron zuciya da huhu, ɓargo yana ƙera jini dare da rana ba mu ko sani ba. Can cikin kunne akwai wani ɗan ƙashi da bai kai ƙwayar shinkafa ba, da shi kake jin kiran sallah.

A hadisin Nana A'isha (RA) da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ce an halicci kowane mutum a kan gaɓoɓi 360. A lura, gaɓoɓi aka ce, wato mahaɗai, ba ƙasusuwa ba, don na ga wasu suna rikita lissafin biyu suna jayayya a banza. Ya ce wanda ya yi kabbara, ya yi hamdala da hailala da tasbihi da istigfari, ya kawar da dutse ko ƙaya ko ƙashi daga hanyar mutane, ya yi umarni da alheri ko ya hana mummuna, har adadin gaɓoɓin nan, to ya wuni ya nisanta kansa daga wuta. Dubi rahama! Waɗannan ayyuka su ne sadakar gaɓoɓin, ba a ce sai mai kuɗi ba. Ƙashin da mai tsire ya yar a hanya, ka sunkuya ka ɗauke, an rubuta maka.

A hadisin Abu Zarri (RA) kuma aka ƙara sauƙaƙa mana: raka'a biyu na walha sun isar wa wannan duka. Kuma idan ka duba, a cikin sallah babu gaɓar da ke hutawa. Gadon baya ya lanƙwasa a ruku'u, gwiwa ta naɗe, yatsun ƙafa su tokare ƙasa, ka sauka a kan ƙasusuwa bakwai kamar yadda aka umarci Annabi (SAW): goshi tare da hanci, tafuka biyu, gwiwoyi biyu, da yatsun ƙafafu.

Mu kuwa da hantsi muna ina? Wuya a sunkuye kan waya, babban yatsa na ta ja, awa guda ta wuce. Ni ma da nake rubutun nan ban fita ba.

Annabi Zakariyya (AS) da tsufa ya kama shi, abin da ya fara kai wa Ubangijinsa kuka a kai shi ne ƙashinsa ya yi rauni. Ku duba tsofaffinmu da ke jan kujera zuwa masallaci saboda ciwon gwiwa, da can su ma a guje suke zuwa.

Lokacin walha yana farawa bayan rana ta ɗaga kamar tsawon mashi, ya kai har gab da zawali. Kawu ya ce shi ma yana yin tasa a kwance. Ku sa shi a addu'a, Allah Ya haɗa ƙashin lafiya, Ya mayar da shi sahunsa.