Akra na ba da labarin gine-ginenta, Kano na yanka ganuwarta filoti-filoti

Wani saurayi ɗan ƙabilar Ga, cikin masu yi wa baƙi jagora a tsohuwar unguwar Jamestown da ke bakin teku a Akra, ya yi wa 'yan Islamiyyarmu ta unguwar Nima wata tambaya da ta tsaya mini a rai. Ya gama zagayawa da su, gida-gida yana faɗin wanda ya gina da zamanin da aka gina, sai ya juyo ya ce: "To ku fa, ina gidanku na farko a garin nan?" Ba da gatse ya yi ba, sani yake nema. Babu wanda ya amsa. Can wani yaro ya matso ya ce mini, "Kawu, ai mu baƙi ne, ba mu da irin wannan." Yaron nan a Nima aka haifi kakansa.

Bari in kwatanta muku zagayen dalla-dalla, ku na gida ku ga abin da mutane ke yi da ɗan abin da suke da shi.

Ana farawa ne da sassafe, wajen bakwai, don daga ƙarfe goma zafin bakin teku mai ɗanko ne, gumi ba ya bushewa. Mafarin shi ne doguwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ratsin ja da fari. Ta farko a 1871 aka gina ta, wadda ke tsaye yanzu kuwa ta shekarun 1930 ce, tsayinta mita 28. In mai gadi na nan akan bar mutum ya hau, daga sama zai ga kwalekwalen masunta jere a ƙasa, ga rufin kwanon unguwa ya yi ja da tsatsa har ƙarshen gani. Dab da ita sansanin James Fort yake, wanda Turawan Ingila suka gina a 1673. Daga baya ya zama kurkuku, nan aka tsare Kwame Nkrumah a 1950, yana ciki ya ci zaɓe, aka sake shi a Fabrairun 1951. Sai a 2008 aka daina kulle mutane a wurin.

Daga nan sai a miƙe gabas a kan babban titin da ke bin gaɓar teku. Tafiyar 'yan mintoci ce a isa Ussher Fort, wanda 'yan Holan suka gina a 1649, ya koma hannun Ingila a 1868, yanzu kuma wani sashe nasa gidan tarihi ne. Kafin a kai can akwai wani lungu da ke gangarawa wajen teku inda Gidan Birazil yake, gidan mutanen Tabon, wato 'yantattun bayin da suka dawo daga Birazil wajen 1836, shekara guda bayan tawayen bayi Musulmi a Bahiya. Da yawansu Musulmi ne. Jagoran zai faɗa maka haka da bakinsa, mu da abin ya fi shafa ba mu sani ba.

Wanda ya san gini ya rage sauri a wannan tsakanin. Tsoffin gidajen 'yan kasuwa hawa biyu ne: ƙasa na dutse, bango mai kauri, nan ake ajiye kaya da ciniki, sama na katako, da baranda da tagogi masu fiffike don iskar teku ta ratsa. Sansanonin kuwa da dutsen yankin aka yi su, da farar ƙasar da ake ƙonawa daga ɓawon halittun teku, sai jan bulon da jirage ke ɗaukowa daga Turai don su yi nauyi a ruwa. Abin da ke kashe gine-ginen nan uku ne. Iskar gishiri na cin kwano da ƙusa. Inda aka yi gyara da kankare, gishirin na shiga ya tsatsantar da rodi, rodin ya kumbura, ya fasa simintin daga ciki. Na ukun ba na yanayi ba ne: yawancinsu gidajen gado ne, masu haƙƙi sun yi yawa, kowa na jiran wani ya saka kuɗinsa. Ga kuma girgizar ƙasa, ta 1862 da ta 1939, da suka taɓa garin sosai, shi ya sa za ka ga bango ɗaya mai gini iri biyu.

In aka ɗan shiga ciki a bar teku a baya, akwai Kasuwar Salaga da unguwar Bukom, gidan 'yan dambe, inda yara ke atisaye a buɗaɗɗen fili. A komo kan titi a ci gaba: cocin Holy Trinity na 1894, ginin Kotun Ƙoli, filin da Nkrumah ya yi shelar 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957 wanda yanzu kabarinsa ke ciki, sai dandalin Baƙar Tauraruwa, kusa da inda aka harbe tsoffin sojoji uku ranar 28 ga Fabrairu 1948. Ƙarshen tafiya fadar Osu ce, ginin 'yan Danmak na shekarun 1660, da suka sayar wa Ingila a 1850. A 1693 wani Ba'akwamu mai suna Asameni ya ƙwace ta da dabara, ya sayar musu da abinsu bayan shekara, ya riƙe makullan, kuma har yau makullan na hannun masarautar Akwamu. Nan ce fadar gwamnati har 2013. Duka tafiyar ba ta wuce kilomita huɗu ba, amma in ana tsayawa sai ta ci awa uku. A ɗauki ruwa da hula, a sa takalmi rufaffe saboda kwatoci. Kada a ɗauki hoton mai shanya kifi ko mai gyaran koma ba a nemi izni ba, nan ne rigima ta fi tashi.

Rabin labarin kuwa daga cikin ruwa ake ganinsa, kuma nan ne mu 'yan tudu muke yin kuskure. Kwalekwalen masunta ake shiga, ba jirgin shaƙatawa ba. Gindinsa gungume ɗaya ne na itacen da suke kira wawa, a fafe shi, a ƙara masa katako a gefe don ya yi zurfi, a rataya injin a gefen baya. Ta hannun jagora ake nema, shi zai kai ka wajen mai kwalekwalen da aka sani a bakin ruwan. A gama ciniki kafin a taka ruwa, a fayyace ko kuɗin mai na ciki, a fayyace iyakar inda za a je da lokacin dawowa. Ranar Talata masuntan Ga ba sa shiga teku, al'adarsu ce, kada a ɓata lokaci. Daga Yuni zuwa Satumba teku na da fushi, ba lokacin baƙo ba ne. Daga Nuwamba zuwa Maris ya fi kwanciya, sai dai hazon hunturu kan rufe gari a Disamba da Janairu, a fita ba a ga komai ba. Safiya ta fi yamma, don iska na ƙaruwa bayan azahar.

Abu uku za a tambaya a gani da ido: rigar ceto ga kowane mutum, filafili, da anka mai igiya. Dalili shi ne in inji ya mutu, ruwan gaɓar nan gabas yake ja, kwalekwale marar anka sai ya juya gefe, igiyar ruwa ta buge shi a haƙarƙari. Wurin da ya fi haɗari shi ne fita da shigowa, inda igiya ke karyewa. A zauna ƙasa a tsakiya, a riƙe katako, kada kowa ya miƙe don ɗaukar hoto, kada a taru gefe guda. Waya a ƙulle ta a leda. Kada a cika ciki da dokunu da kifi kafin a shiga, a bar shi sai an dawo. Wanda jiri ya kama ya kafa ido a kan gari, ya daina kallon ruwa. Wanda ya tuna hatsarin kwalekwalen Ɓagwai na 2021, da yawancin waɗanda suka rasu yara 'yan Islamiyya ne, ba zai ce na cika tsanani a kan rigar ceto ba.

Da an ɗan yi nisa aka juyo, sai garin ya bayyana. Ga sansanoni uku a layi, na ƙasashe uku, kowanne a kan ɗan tudun dutse. Sai ka gane Akra ba ta da mashigin jirgi na halitta: manyan jirage can nesa suke tsayawa, ƙananan jiragen tuƙi ke kai da kawowa ta cikin igiya. Haka aka fitar da bayi, haka daga baya aka fitar da koko, haka gwamnoni suka sauka, har aka buɗe tashar Tema a 1962. Duk da haka Turawa suka ɗauke babban birni daga Cape Coast suka kawo shi nan a 1877. Sabuwar tashar masunta da Sin ta taimaka aka gina, aka buɗe a 2024, ta sauya fuskar wurin.

Kada a ce na ruɗu da garin mutane. Bakin tafkin Korle, yamma da hasumiyar, leda da roba ne da wari. James Fort kansa yana zubewa, duk da cewa tun 1979 sansanonin gaɓar Gana ke cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO. Akwai 'yan cuwa-cuwa masu tare baƙo. Sannan a faɗi gaskiya, sansanonin da suke nunawa ɗin nan na masu cinikin mutane ne, ba kakanninsu suka zana su ba.

Wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Mu namu mu muka gina. Ganuwar Kano da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta tun ƙarni na 12 ta girmi James Fort da shekara sama da ɗari biyar. Gidan Rumfa, Gidan Makama, Kurmi, marinar Ƙofar Mata, ba Bature ko ɗaya a cikin aikinsu. Ba sai na kwatanta muku ɗaurin guga ko zanko ba, kun san sanyin soro da rana tsaka a watan Afrilu. To yau wa zai ɗauki baƙo daga Ƙofar Nasarawa ya zaga da shi a ƙafa har Kabuga, inda Turawa suka fasa suka shiga a 1903? Ta ina ma za su bi? An ɗebi ƙasar an yi bulo, an yanka gurbin an kafa shaguna, an cike kududdufan da ke shanye ruwan sama sannan ana mamakin ambaliya. Ƙofar Na'isa a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi, aka maye ta da siminti. Tun 2007 ganuwar ke jerin jira na UNESCO, Agadas kuwa ta shige a 2013, da ginin ƙasa irin namu.

Za a ce ai ƙasa ce, dole ta narke, su dutse gare su. Ban yarda ba. Ginin tubali ba ya faɗuwa don ƙasa ne, yana faɗuwa ne don an daina yaɓe kafin damina, an bar indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi ya ruɓar da azara, ko ya taru a gindin bango ya ci shi daga ƙasa. Shafa masa siminti kuma ba gyara ba ne: simintin na kulle laima a ciki, ƙasar ta saki, wata rana fatar ta ɓalle gaba ɗaya ta tafi da rabin bango. Makuba da yaɓen shekara-shekara su ne maganinsa, kuma magina da suka san aikin ba su ƙare ba, aiki ne ba a ba su. Abin da Jamestown ta fi mu ba ƙarfin dutse ba ne. Samari ne 'yan unguwa da suka zauna da tsofaffinsu suka haddace labarin kowane gida, suke cin abinci da shi, don haka duk mai son rushe gida sai ya yi da su.

Sai dai ba ni da bakin zagin Kano kaɗai, don mu na zango ba mu fi ba. A garin nan akwai unguwa mai suna Tudu. Akwai Zongo Lane, inda Malam Neno, mutumin Katsina, ya sami wuri daga sarakunan Ga a 1881. Ɗansa Malam Baƙo shi ya fita da jama'a ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima kanta Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sare ta a farkon shekarun 1930. Kasuwar Salaga da jagora ke wucewa da baƙi ta gabanta, sunan garin da fatakenmu ke zuwa sayen goro a Gwanja ta ɗauka, garin da yaƙin 1892 ya tarwatsa mutanensa suka gangaro kudu. Ga sojojin Hausawa da Kyaftin Glover ya yi yaƙin Asante da su a 1873 zuwa 1874. Shekara kusan ɗari da hamsin ke nan, amma 'ya'yanmu Hausarsu na raguwa, Kano ba su taɓa gani ba, nan ɗin ma ba a nuna musu ƙofar da kakansu ya fara shimfiɗa buzu ba. Tun korar baƙi ta 1969 iyayenmu suka koyi yin shiru a kan asali, shirun kuma ya zama gado.

Hanyar zagayen tana nan, ba ta buƙatar izinin gwamnati: daga Zongo Lane a bi Cow Lane da Tudu a ƙafa, a hau torotoro, wato motar haya, zuwa Sabon Zango, a ƙare a babban masallacin Kanda da aka buɗe a 2021. Abin da ya rage shi ne labarin, kuma yana bakin tsofaffin da ke zaune a zauren sarakunan zango bayan la'asar. Kowace Islamiyya ta ware ɗalibai biyu da waya mai ɗaukar murya, su je da gaisuwa da goro, su tambayi kowane mai gida wa ya gina, daga wane gari ya zo, wace sana'a ta kawo shi, kuma wane sarkin Ga ya ba shi wurin. A rubuta da Hausa, a ajiye kwafi a masallaci, kwafi a gidan sarki. A fara da Sabon Zango, can ne tsoffin gidajen suka fi saura.