Kasoa ta fi East Legon tara mutane, amma ƙuri'armu tana Nima

Kullum sai ka ji ana cewa wai in kana son ganin duniya a Accra ka je East Legon ko Cantonments, akwai ɗan Labanon, ɗan Sin, Bature, ɗan Najeriya mai kuɗi. To an ji. Amma ni dai abin da nake gani can fasfo ne kala-kala, aljihu kuwa iri ɗaya, haya da dala, katanga mai waya, kowa da maigadinsa, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba.

Shiga gidan haya ɗaya a Kasoa ko Ashaiman, garuruwan da ke gefen Accra, ka ƙirga. Bahaushe, Bazabarme, Kotokoli, Dagomba, Ewe, Fante, tela da nas da direban trotro (motar haya) da malamin makaranta, famfo ɗaya, bayi ɗaya, rigimar kuɗin wuta ma ɗaya. Ba soyayya ce ta haɗa su ba, lanlod ne. Dokar haya ta 1963 ta ce kar a karɓi adibas ya wuce wata 6, amma wa ke bi? Shekara 2 ake nema, shi ya sa yaran Nima da Mamobi, unguwannin zango na cikin Accra, da sun yi aure sai su tattara su nufi Kasoa, garin da sunansa ma daga kasuwa ya fito.

Siyasa ma a Kasoa ta fi gauraya. A Nima tun korar baƙi ta 1969 zamanin Firaminista Busia tsofaffi ba su huce da jam'iyyar NPP, magadan Busia, ba, ko Bawumia, ɗan takararta na shugaban ƙasa, da yake Musulmi bai iya juya Ayawaso East, mazaɓar Nima, a 2024 ba. Kasoa fa, Hawa Koomson ta NPP ta riƙe kujerar majalisa tun zaɓen 2012, a 2024 aka kayar da ita, wato ba gonar kowa ba ce, a benci ɗaya ake musu a sha shayi a tashi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne da yawanmu muna kwana Kasoa, muna shan wahalar cunkoson mahaɗar Mallam da asuba, amma ranar zaɓe sai mu koma Nima mu dangwala saboda can aka yi rajista, can Hajiya take. To ɗan majalisar Kasoa me zai sa ya gyara maka kwata, alhali sunanka ba ya cikin littafinsa?